Anatol Bado, Wanda Ya Yabi Ruwan Wanki

Har yau in aka ambaci Anatol Bado a Reyo, kafin a tuna albasarsa, kafin a tuna shekarun da ya kwashe yana waƙa a coci da muryar da ba ta taɓa tafiya tare da ta sauran mutane ba, abin da ake fara tunawa shi ne ranar da ya yabi ruwan wanki.

Safiyar kasuwa ce, cikin bazara. A gidan Odil Kanyala mai dolo, wato burkutun garinmu, an share rumfa, an jera bencina, randunan giyar jar dawa suna tsaye a inuwa suna ɗan huci. Ƙa'idar gidan kuwa, ba a auna wa kowa ko ɗigo sai Anatol ya ɗanɗana. Akwai wani tsohon turmi da aka kifa a gindin mangwaro, a kansa Odil take ajiye masa ƙoƙon farko. Ran nan aladen maƙwabta ya kutsa kai cikin dusar da ta tara, ta zabura ta bi shi da muciya. Ƙoƙon da ke hannunta, cike da ruwan da ta ɗauraye ƙoƙunan jiya, sai ta dire shi a kan turmin.

Ruwan ya yi ja-ja, har da 'yar kumfa a sama. Anatol ya iso, ya jingine kekensa, ya gaida jama'a, ya zauna. Ya ɗauki ƙoƙo da hannu biyu, ya zuba wa ƙasa rabonta kamar kullum, ya kurɓa, ya lumshe ido. Muka zuba masa ido. Can ya shafe gashin bakinsa da bayan hannu.

"Ta farka da dariya," in ji shi.

Anatol ba mai yawan magana ba ne a kan giya, kowa kuma ya haddace 'yan kalmominsa. In ya ce "tana barci", ba ta gama tashi ba ke nan, zaƙi ya yi yawa, a ba ta lokaci. In ya ce "ta farka", a fara awo. In ya ce "ta yi fushi", tsami ya wuce kima, ranar sai masu ƙarfin hali. Amma "ta farka da dariya", sai a yi damina a yi rani ba a ji ta daga bakinsa ba. Don haka rumfa ta kaure da murna, kowa na miƙa hannu.

Odil ta dawo tana haki. Ta dubi turmi, ta dubi ƙoƙon da ke hannunsa.

"Yaya Anatol, ina ruwan da na ajiye a nan?"

"Wane ruwa?"

"Na ɗaurayar ƙoƙuna mana. Zubarwa zan yi, alade ya ɗauke mini hankali."

Wanda ya fara fashewa da dariya shi ne Gaston Zure, tela, mutumin ƙasar Bisa da ya tsufa a cikinmu. Tsakanin Bisawa da mu Gurunsawa akwai wasa tun na kakanni: su ce mu bayinsu ne masu cin kare, mu ce su bayinmu ne da ba su san komai ba sai gyaɗa. Gaston ya riƙe ciki har ya zamo daga benci.

"Jama'a ku shaida! Na daɗe ina faɗa muku, bakin da ya saba da naman kare bai san daɗi ba. Bawana, in ka gama da wannan, akwai ruwan wankin ƙafata a gida. Shi ma yau da dariya ya farka!"

Muka yi ta dariya har da hawaye. Anatol ma ya ɗan taya mu, fararen haƙoransa na walƙiya. Amma bai jira ƙoƙon gaskiya ba. Ya ja kekensa ya fita. Mu a ganinmu abin dariya ne na kwana biyu. Ba mu san mutumin ya yi watanni yana ɓoye wani tsoro ba: harshensa ya daina jin komai.

Wanda bai san Anatol ba zai ce, to sai me? Amma shi, in ka cire harshen nan, ban san abin da zai ce ya rage masa ba. A wurinmu namiji ba ya dafa dolo, aikin mata ne daga jiƙa dawa har tacewa. Sai dai uwarsa madafiya ce, a tsakanin tukwane ya yi rarrafe, da ruwan zaƙin nan da ake ba yara kafin giya ta tashi aka yaye shi. Tun yana saurayi in ya kurɓa yakan faɗi ko tsiron dawar ya sha rana sosai, ko an yi rowar itace, ko mai dafawa ta tafi hira ta bar gindin tukunya ya kama. Ya je Kwaddibuwa aikin gonar koko kamar sauran tsararsa, ya dawo da keke da rediyo da ra'ayi guda a kan bammi, wanda yake kira ruwan da ya yi rashin kunya. Ya haƙa rijiya a bayan gari, ya kafa lambu, ya auri Sidoni, suka yi ta noman albasa da kabeji har 'ya'ya suka girma suka watse.

Turmin kuwa ga yadda ya same shi. Lokacin da aka kawo Odil amarya unguwarmu, ta yi dahuwarta ta farko. Maza suka sha suna cewa madalla, kowa a ransa yana cewa ba zai sake dawowa ba. Anatol ne kaɗai ya jira aka watse, ya matsa kusa ya ce a hankali, "Ƙanwata, wutar da kika hura a kwana na biyu na dahuwa ta yi gaggawa." Ta yi kukanta, ta share hawaye, ta rage wuta. Daga nan ta kifa masa turmi. Ba a biyansa, bai taɓa nema ba. Ladansa ƙoƙon farko ne, sai ya sayi guda da kansa, ya yi hira, ya koma lambu. Ban taɓa ganin kekensa ya yi tangaɗi a hanya ba, sai ranar da aladen da ya ɗaure a bayansa ya yi yunƙuri a bakin kwazazzabo. A ranar ne sauran haƙoran da tsufa ya bar masa suka tafi.

Ya yi shekaru yana dariya da hannu a baki. Ana gab da Kirsimeti sai ɗansa Pol, direba a birnin Kudugu, ya kai shi wurin likitan haƙori, aka yi masa na roba sama da ƙasa. Ya dawo Reyo da haƙora jere ras, kamar masarar da ta sha taki. Kai, mun ga murmushi a shekarar nan. Har a wurin jana'iza sai an zungure shi yake rufe baki.

Likita ya ce a riƙa cire su a kwana da su cikin ruwa. Sidoni ta ga ruwa zalla ai rowa ce ga haƙoran da ɗanta ya sha wahala a kansu. Tun tana yarinya ta san kanumfari ne maganin haƙori. Sai ta riƙa daka shi, ta dafa har ruwan ya yi baƙi, ta jiƙa su a ciki su kwana.

"Rigakafi ne, Baban Pol," in ji ta. "Na farkon ma da ka bar ni na kula da su, da suna nan."

Anatol ya ga ƙauna ce, kuma ƙauna ce. Kullum da safe ya ɗauko su da ƙamshinsu ya saka.

Bayan sabuwar shekara ya fara jin tuwo kamar auduga a baki. Miya ba gishiri, ba yaji. Wata rana a lambu ya tuge albasa ya gartsa mata haƙoran Pol, ya ji kamar ɗanyen gwaza yake tauna. Bai faɗa wa kowa ba. A gidan Odil sai ya koma aiki da dabara: ya kasa kunne ya ji hucin randa, ya dubi kumfa, ya saci kallon fuskar Odil, don madafiya ta san abin da ta dafa ko ba ta faɗa ba. Haka ya yi ta tsallakewa, har alade ya tona masa asiri.

Daga ranar ruwan wanki bai sake taka rumfar ba. Ya je asibiti, aka leƙa masa harshe, aka auna jini, aka ce lafiyarsa ƙalau. Wannan bai kwantar masa da hankali ba, don ya tuna mahaifinsa, wanda kafin rasuwarsa ya riƙa ture akushi yana cewa abinci ya zama yashi. Sai ya fara shirye-shirye. Ya ba ƙaninsa garmarsa mai kyau. Ya zagaya da Sidoni ya nuna mata iyakar lambu.

"Maman Pol," ya ce, "harshena ya riga ni tafiya. Ina jin ni ma ina bayansa."

Sidoni ta rushe da kuka. Da ta gama, ta yi abin da ta san yi: ta ninka kanumfari.

A gidan Odil ana sayar da dolo, kuma dolon bai canja ba, amma sai ka ga mutane sun zauna suna kallon turmi. Wanda abin ya fi dama shi ne Gaston. Ba shi da wanda zai zaga, har ya fara ramewa. Ya bi Anatol lambu da aljihu cike da gyaɗa.

"Kai bawan nan, an ce wai mutuwa kake shiri. Wa ya ba ka izini? Ni na sallame ka?"

"Tafi ka yi ɗinkinka, Gaston."

"Haka kawai? Ba za ka ce mini ɓeran gyaɗa ba?"

"Tafi dai."

Gaston ya dawo rumfa ya zauna. Ya ce mana, "Abin ya yi tsanani. Na tsokane shi bai rama ba."

Ana cikin haka Klaris, autar Odil, ta zo gida. Ta yi karatun sarrafa abinci a Wagadugu, ta dawo Kudugu ta kama ɗaki, ta jera tukwanen ƙarfe, tana dafa giyarta da hannunta kaɗan-kaɗan. A kwalba take zubawa, amma ba irin ta kamfani ba ce. Da tsiron jar dawa take yi, irin na uwarta, sai ɗan zuma da wani fure mai ɗaci da ake kawo mata daga waje. A birni an fara saye. Ita kuwa ba birnin ne a ranta ba.

"Inna, ba ture miki randa zan yi ba. Ɗan lungu kawai nake so a ƙarshen rumfa."

"Giyar da aka kulle a kwalba kamar ɗan kurkuku?" in ji Odil. "Tawa da ranta ake shan ta. Yau ta farka, gobe ta tsufa, jibi sai aladu. Taki kuwa sai ta yi ta zama tana jiran mai kuɗi. Kuma ta ina baƙo zai ɗanɗana? Tun da na kafa rumfar nan ban taɓa karɓar kuɗin mutum bai fara kurɓa ba."

"Ki dai gwada, Inna."

"Ni ba na gwada wa kaina. Abin da bai bi ta kan turmin can ba, ba ya shiga rumfata."

"Ai Kawu Anatol ya daina zuwa."

"To, kin ga aikinki ke nan."

Waɗanda suka san Odil sun ce ba kwalba take gudu ba, tarko ta ɗana wa tsohon don ya dawo.

Klaris ta same shi yana ban ruwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta karɓi bokiti ta taya shi, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya ce ta nemi wani. Ta ce uwarta ba ta san wani ba. Ya dubi yarinyar da ya taɓa ɗauka a bayan kekensa zuwa makaranta, ya ga ba zai iya ce mata a'a ba, ba kuma zai iya yi mata ƙarya ba. Ya ce zai zo ranar babbar kasuwa, wadda take faɗowa Lahadi. A ransa ya yanke cewa ranar zai faɗa wa kowa gaskiya, ya sauka daga turmin da bakinsa.

Ranar ta zo. Da aka tashi daga coci rumfar Odil ta cika har waje, ga ƙamshin gasasshen alade na tasowa daga layin masu tanda. Anatol ya shigo da rigarsa ta zuwa biki, Sidoni na biye da shi da kwandon albasar da za ta kai kasuwa. Saboda muhimmancin ranar, haƙoran sun kwana a ruwan da ya fi na kullum kauri.

Klaris ta zaro kwalba daga bokitin ƙanƙara, ta ɓalle marfi, ta yi fus. Ta ɗauko kofin gilashi, Odil ta harare ta, ta mayar ta ɗauko ƙoƙo. Giyar ta zubo ja garau kamar zuma, farar kumfa ta taru a sama ta ƙi sauka.

"Ana hango gindin ƙoƙo ta cikinta," wani ya ce. "Wannan giya ce ko shayi?"

"Yi shiru," in ji Gaston. "Bawana zai yi aiki."

Anatol ya ba ƙasa rabonta, ya kurɓa, ya lumshe ido. Ya sake kurɓa. Bai shafi gashin baki ba. Ya ajiye ƙoƙon a hankali.

"'Yata, na ji sanyi. Na ji tana tsira mini a hanci. Bayan wannan ban ji komai ba." Ya juyo gare mu. "Ba laifin giyarta ba ne. Tun bayan sabuwar shekara ban ji ɗanɗanon komai ba. Da kunne da ido nake ta yi muku hukunci, ku yafe mini. Odil, ki ba wani turmin nan."

Ya miƙe yana neman hularsa.

Klaris ta ɗauki ƙoƙon don ta kawar, ta sunkuyar da kai kada a ga idonta. Nan hancinta ya kusanci bakin ƙoƙon. Sai ta ɗago a firgice.

"Inna, na shiga uku! Giyata ta lalace!"

Ashe a sana'ar masu giyar kwalba, in giya ta yi warin kanumfari, wani baƙon abu ne ya faɗa tukunya ya ɓata ta, sai dai a zubar da dahuwar gaba ɗaya. Ta fizgo kwalbar ta shinshina. Babu. Ta zuba a sabon ƙoƙo ta shinshina. Babu. Ta koma ƙoƙon Anatol, daidai inda ya sa baki, ta yi baya tana yamutsa fuska.

"Au, wannan?" in ji Odil. "Ai tun Kirsimeti haka ƙoƙonsa yake, sai na wanke na sake wankewa. Na ɗauka wani turare ne Pol ya aiko masa."

Klaris ta tare shi a bakin rumfa. "Kawu, ka yi mini haƙuri, ba raini ba ne. Ɗan huro mini iska."

Ya huro. Har mu da ke benci na biyu sai da muka ji.

"Kanumfari ne," in ji Sidoni, tana gyara ɗaurin zane cike da alfahari. "Ni nake jiƙa masa haƙoran a ciki kullum. Tun da aka sa su ko sau ɗaya ba su yi ciwo ba."

Gaston ya ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo Gurunsawa! Roba ce ake yi wa maganin ciwon haƙori! Gobe sai ku kai takalmi a yi masa kaciya!"

"Gwaggo," in ji Klaris, "kin san yadda kanumfari yake kashe ciwon haƙori? Kwantar da wurin yake yi, ya daina jin komai. Kawu, wata da watanni kana wuni da shi a baki. Harshenka bai mutu ba."

"Tana barci!" Gaston ya kwatsa ihu, yana kwaikwayon muryar Anatol. "Jama'a, a ba ta lokaci, ba ta gama tashi ba!"

Sai dai akwai sauran wuya. Mutumin da ya yi shekaru yana ɓoye bakinsa, ya samu haƙora ya baje su ga duniya, yanzu an ce ya cire su a gaban kasuwa guda. Ya tsaya yana kallon hularsa. Can ya juya mana baya, ya fuskanci mangwaro, ya zaro hankici. Da ya juyo, kumatunsa sun faɗa ciki, gashin bakin ya sauko har haɓa. Ba wanda ya yi dariya, ban da Gaston, wanda ya miƙa masa soyayyiyar gyaɗa ya ce ya taune.

"Ɓeran gyaɗa," in ji Anatol da dasashi.

"Yauwa! Ya fara dawowa."

Aka kawo ruwa ya kurkure baki, ya sake, ya sake. Ya koma kan turminsa ya zauna, hannu a baki. Kasuwa ta ci gaba da ci, wasu suka sha suka tafi, amma da yawanmu muka kasa tashi. Kowane ɗan lokaci sai wani ya leƙo ya ce, "Yaya?" Shi kuma ya girgiza kai. Sidoni ta zauna gefe ta haɗe rai, ba ta kula kowa.

Rana ta karkata, inuwar mangwaro ta kai bakin randuna. Sai Sidoni, ba tare da ta dubi kowa ba, ta zaro albasa daga kwando, ta yanka siririya, ta miƙa masa. Ya ɗora a harshe. Muka ga idonsa ya ciko, hawaye ya bi ramin kumatu.

"Tawa ce," ya ce. "Ta kusa da rijiya. Tana da zafi."

"Kuka kake, bawana?"

"Albasa ce, wawa."

Odil ba ta jira ba, ta ɗebo daga randa ta kawo. Ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya haɗiye, ya shafe gashin baki da bayan hannu.

"Ta fara fushi. Kin bar randar nan rana ta taɓa ta. Kuma Odil, wa ya sayar miki da tsiron nan? Bai bushe ba aka niƙa."

Ban taɓa ganin macen da aka kushe wa dahuwa ta yi murna irin ta ranar ba. Odil ta rangaɗa guɗa, ta jefar da ludayi, ta taka rawa har tsakar gida. Wani ya fara kiɗa da gindin ƙoƙo.

Klaris na tsaye da sabuwar kwalba, ƙanƙarar bokitinta duk ta narke. Anatol ya yafito ta. Ta zuba. Ya kurɓa, girarsa ta ɗaga. Ya sake kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba. Muna jiran mu ji ko barci take ko fushi, sai muka ga 'yan kalmominsa sun kasa.

"Wannan baƙuwa ce," ya ce a hankali. "Da takalminta ta shigo. Tun a bakin ƙofa ta daka mini tsawa, ɗaci kamar gauta, amma ɗaci mai tsabta, ba na ƙonewa ba. Ina shirin korar ta sai na ji zuma ta wuce. Da ta kai maƙogwaro kuwa, sai ta durƙusa ta gaishe ni da yaren garinmu. Jar dawar tana nan a ƙarshe, da garɗinta. Odil, jikar gidan nan ce. Ba a barin ta a waje."

"Ɗanɗanon baƙo fa?" in ji Odil, don kada a ce ta sauka da sauƙi.

"Kowace kasuwa a buɗe kwalba guda a ajiye kusa da randa, duk wanda ya shigo a ɗiga masa. Kuma a ƙoƙo. Gilashin nan a mayar da shi Kudugu."

Klaris ta matso. "Kawu, da dariya ta farka?"

"Ke, kada ki yi gaggawa irin wutar uwarki. Ita ma sai da ta fara furfura ta ji wannan daga bakina. Taki murmushi dai ta yi."

Harshen bai dawo duka a ranar ba, sai da aka ɗan kwana biyu. Amma a makon ya je ya karɓo garmarsa daga wurin ƙaninsa, wanda har ya fara sabawa da ita. Sidoni ta yi fushi na ɗan lokaci, ta koma jiƙa haƙoran a ruwa zalla, tana yi tana ƙunƙuni. Har gobe in aka tayar da maganar sai ta ce a faɗi gaskiya, lokacin da take kula da su sun taɓa ciwo? Ba mai iya ce mata sun taɓa.

Bokitin Klaris yana nan a ƙarshen rumfa. Tsofaffi suna cewa giyar malaman makaranta ce da 'yan babur, su dolonsu ya ishe su. Sai dai kwalbar ɗanɗano ita take fara ƙarewa, kuma ba malaman makaranta ne suke zuwa da sassafe ba.

Anatol kuwa ya ƙara wa aikinsa mataki guda. Yanzu in ya zauna a gaban turmi, sai ya juya wa jama'a baya, ya naɗe haƙoransa a hankici ya sa a aljihu, sannan ya ɗauki ƙoƙo. Ya ce ko ba kanumfari, roba ba ta da hurumi a maganar giya.

A kasuwar da ta wuce wani baƙo ya shigo, ya ga ana jiran tsoho marar haƙori ya kurɓa kafin a auna wa kowa, ya tambaya ko wane ne. Gaston ya yi caraf.

"Ba ka san shi ba? Babban masani ne. Shi ne mutumin da ya sha ruwan wanki ya ce ya farka da dariya."

Anatol ya gama haɗiyewa, ya shafe gashin baki, ya ce wa Odil ta fara awo. Sannan ya zaro hankici, ya mayar da haƙoransa a nutse, don ya ce amsar Bisawa tana son a furta ta sosai.

"Ko a ranar ban yi ƙarya ba, Gaston. Ruwan da ya wanke ƙoƙon Odil ya fi duk giyar da aka taɓa dafawa a ƙasarku. Shi ya sa ka zo ɗinkin wata guda, ga shi har ka tsufa ba ka koma ba."